AMSAR TAKARDUNKU: Duwatsun Da Ke Yawo A Sararin Samaniya, Wasa Ne Ko Gaskiya?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi. Bayan gaisuwa, ya ce ɗansa da ke makarantar sakandare a birni ya zo hutu da kwamfutar yayansa, kullum yana kan wani wasa na tuƙa kumbo. Yaron ya gaya masa wai aikin da yake yi shi ne ƙara wa wasan zoben duwatsu can nesa da rana. Shi ne yake tambaya, shin akwai waɗannan duwatsu da gaske? In akwai su, ba za su rikito mana a ka ba? Kuma ya bar yaron da wasan ko ya hana shi?

To Alhaji, mun gode da wannan takarda, tambaya rabin ilmi ce. Duwatsun nan akwai su, ba ƙaryar yara ba ce. Kamar yadda duniyarmu take kewaya rana, haka wasu duwatsu bila adadin suke kewaya ta, kowanne a kan hanyarsa. Galibinsu sun taru ne tsakanin duniyar Mars da ta Jupita, shi ya sa ake ce musu zobe. Babbansu, mai suna Ceres, wani masanin taurari ɗan Italiya, Giuseppe Piazzi, shi ya fara hango shi ran 1 ga Janairu 1801. Faɗinsa kilomita 940 ne, wato ya yi kusa da tafiyar Kano zuwa Legas. Sauran kuwa akwai mai girman gari, akwai mai girman rumbu, akwai kamar tsakuwa. Amma duk yawansu, in aka tara su wuri ɗaya ba za su kai kashi 4 cikin 100 na nauyin wata ba.

Shi wannan zobe ana iya cewa na kusa ne. Akwai wani can gaba, kuma mai yiwuwa irinsa ɗanka yake nufi. Ga misali don a gane. Ka kafa turke a tsakiyar gona ka ce shi ne rana. Ka yi taki 1, nan duniyarmu take, kuma wannan taki ɗaya kilomita miliyan 150 ke nan. Taki 2 zuwa 3 da ɗoriya, nan zoben farko yake. Taki 5, Jupita. Taki 30, Neftun. Daga taki 30 zuwa 50 kuwa, nan ne zobe mai nisa, wanda ake kira zoben Kuiper, kuma Fuluto a cikinsa take. Na can yawancinsu ƙanƙara ce gauraye da dutse, saboda tsananin sanyi. In ka ɗebe Fuluto da watanta, sai a 1992 aka fara gano ɗaya daga cikinsu, aikin wasu masana biyu, David Jewitt da Jane Luu, a tsibirin Hawai na Amurka. Kumbon New Horizons da aka harba a Janairun 2006 bai isa Fuluto ba sai ran 14 ga Yuli 2015. Shekara 9 da rabi ke nan ana gudu ba zango.

Mu koma kan wasan. Ɗaya daga cikin sanannun wasannin irin wannan shi ne Kerbal Space Program, wanda wani kamfani a ƙasar Meziko ya fara fitarwa a 2011. Mai wasa shi ke haɗa kumbonsa, ya auna mai, ya harba. In lissafinsa ya kuskure, kumbo ya faɗo ko ya ɓace. A 2014 aka sa wa wasan duwatsu, da haɗin gwiwar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA. Daga baya masu wasan da kansu suka riƙa rubuta ƙari, suna kafa zobuna a wurare masu nisa, suna raba wa juna kyauta.

Yaya ake ƙara zoben? Kwamfuta ba ta iya riƙe duwatsu miliyoyi a lokaci ɗaya, kamar dai yadda ba ka iya ƙirga ƙwayar gero a buhu. Don haka mai ƙarin ƙa'ida kawai yake rubutawa. Zai ce duwatsun su fito daga nisa kaza zuwa nisa kaza, hanyarsu ta karkata gwargwadon kaza, manya su yi kaɗan ƙanana su yi yawa. Sai kwamfuta ta riƙa fito da 'yan kaɗan bisa wannan ƙa'ida, wanda ba a bi sawunsa ba ta share shi. Wahalar tana wajen nisa. Abin da ya yi nesa da rana a hankali yake tafiya, Ceres shekara 4 da wata 7 yake yi kafin ya kewayo, Fuluto kuwa shekara 248. Kuma ba a nufar dutse kai tsaye. Sai ka lissafa inda zai kasance ranar da za ka isa, kamar mai tarar motar kasuwa a mararraba.

Abu ɗaya nake so ka gaya wa yaron. A sinima da wasu wasanni ana nuna duwatsun a cunkushe, matuƙi yana ta kauce-kauce kamar direba ranar kasuwa. Ba haka abin yake ba. Tsakanin babban dutse da maƙwabcinsa ana samun wajen kilomita miliyan 1, fiye da ninki biyu na nisan da ke tsakaninmu da wata. Kumbon Pioneer 10 ya ratsa zoben farko daga 1972 zuwa 1973 ya fita lafiya lau, wasu da dama suka biyo bayansa.

Batun faɗowa kuwa, gaskiya suna faɗowa, amma galibinsu ƙanana ne, suna ƙonewa a iska kafin su iso, su ne hasken nan da kake gani ya gifta da dare. Jefi-jefi wani yakan iso ƙasa. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, a lardin Katsina, 'yan taki kaɗan daga wani manomi da ke cikin gonarsa. Bincike ya nuna ɓallin duniyar Mars ne. Wani ya faɗo a Mayo Belwa a 1974, wani a Gujba a 1984. A 2013 wani mai faɗin mita 20 ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha, mutum wajen 1,500 suka ji rauni, yawanci daga fasassun gilasan taga. Shi ya sa masana ke gadin sama dare da rana. A 2022 ma NASA ta kara wa wani dutse mai suna Dimorphos kumbo da gangan, aka kuwa ga hanyarsa ta sauya. Rigakafi ya fi magani. Na zobe mai nisa dai ba su ne abin damuwarmu ba.

'Yan kasuwa, ga naku. A 2023 an tsinci wani dutsen Mars mai nauyin kilo 24 da ɗoriya a jihar Agadas, aka yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 a kan dala miliyan 5 da 'yan kai, har gwamnatin Nijar ta sa a binciki yadda aka yi ya fita. Saboda haka in dutse ya faɗo a gonarka, kada ka farfasa shi, kada ka sayar wa baƙo a gaggauce. Ka sanar da mai gari, a nemi malaman ilmin duwatsu na jami'a su duba. Haka kuma wanda ya zo maka da baƙin dutse ya ce na sama ne ka saya ka yi arziki, ka riƙe kuɗinka, don baƙin dutse ya yi yawa a daji.

Shawarata game da yaron, Alhaji, kada ka hana shi ɗungurungum, don lissafi yake koyo ko bai sani ba. Amma ka yanka masa lokaci, bayan salla da karatu da aikin gida. Ka zauna kusa da shi wata rana, ka ce ya nuna maka yadda ya auna man da zai kai shi dutsen ya dawo da shi. In ya iya bayani, to wasan yana amfanarsa. In ya yi ta kame-kame, sai ka rage masa lokacin ka tura shi ga littafin lissafinsa.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a ci gaba da aiko da takardu. Ku huta lafiya.