Na'urar POS a Kasuwanninmu da Alhakin da Ke Kan Malami



Batunmu a yau shi ne 'yar na'urar nan ta POS, wadda ta shiga rumfar mai shayi da teburin mai kayan miya, daga Gumel har Gagarawa da Sule Tankarkar. Mun zaɓe ta ne domin albashinmu ta cikinta yake fita, kuma da yawa daga matanmu da ƙannenmu da ita suke karɓar kuɗin cinikinsu.

Babban Bankin Najeriya ya soma tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas tun shekarar 2012, amma bai kankama a karkararmu ba sai da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022. Duk mun shaida abin da ya biyo baya a farkon 2023: mutum yana da kuɗi a asusu, amma ba shi da abin sayen kwanon gero. Ko da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023 cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki, ƙananan 'yan kasuwa sun riga sun koma ga kamfanoni irin su Moniepoint da OPay da PalmPay.

Alherin abin a fili yake. Falken da ya sayar da shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba sai ya ɗauro damin kuɗi a ƙugu ya bi hanya da fargaba ba. Mai sayar da ƙosai ta huta da neman canji, kuma kowane ciniki yana barin shaida a rubuce. Sai dai a da hannu ne ke ƙirga kuɗi, ido yana gani, yau kuwa rubutu ne a fuskar na'ura. Wanda bai iya karanta shi ba, dole ya dogara da bakin wani, kuma a nan asara take shigowa.

Mu duba yadda take aiki. Idan aka sa kati aka danna lambar sirri, na'urar tana aika saƙo ta layin waya zuwa bankin mai katin, banki ya cire kuɗin, sannan ya maido da amsa. In sabis ya yanke kafin amsar ta iso, sai a cire kuɗi, rasit kuma ya nuna ciniki bai yiwu ba. Tun watan Yunin 2020 Babban Banki ya ba da umarnin a warware irin wannan cikin sa'o'i 72. Wanda ya san haka zai adana rasit ɗinsa ya kai ƙorafi bankinsa. Wanda bai sani ba sai ya rungumi ƙaddara, ko ya ci kwalar maƙwabcinsa mai na'ura da bai ci masa ko sisi ba.

Akwai kuma lissafi. A ɗauka mai POS yana karɓar naira 100 a kan kowace 5,000, wato kashi 2 cikin ɗari. Wanda ya cire naira 70,000, mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024, ya biya 1,400 a wata, 16,800 a shekara. Ba mu ce mai na'ura azzalumi ba ne, domin shi ma yana biyan kamfani, yana sayen data, yana wahalar nemo tsabar kuɗi. Amma wanda ya yi wannan lissafi zai biya mai kanti da kati kai tsaye, ya ciri abin cefane kawai.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, mu shigar da wannan cikin darasin lissafi na aji 5 da 6: yaro ya karanta rasit, ya bambance 5,000 da 50,000, ya fitar da caji. Yaran nan su ne ke tsare wa iyayensu rumfa da yamma. Ta biyu, a taron iyaye da malamai mu nanata cewa lambar sirri ba ta da aboki, ba a faɗa wa mai na'ura ya danna, ba a kuma karanta wa wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake. Mai sayarwa kuma kada ya saki kaya don an nuna masa alat a wayar mai saye, sai ya ga kuɗin a nasa asusun. Ta uku, ɗan'uwanmu da ya ɗauki POS don ƙarin abin masarufi ya buɗe littafin shiga da fita, ya raba jari da riba, kada kuma ya bar aji don na'ura.

Hausawa sun ce zamani riga ne. Mun yarda, amma a garuruwan nan mu ne aka damƙa wa koyar da karatu da ƙidaya, kuma tsohuwar da aka cuta a bakin kasuwa tana da haƙƙi a kanmu idan jikanta ya fita daga ajinmu bai iya duba mata rasit ba.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyi, ya sa albarka a sana'o'inmu.