Damina Ta Canja: Ina Shirin Ƙaramar Hukumarmu?

Jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu ya yi wa fastoci, dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata a taron shirin damina

  Mun san waɗansunku sun baro sharar gona, waɗansu kuma tun asuba suke kan babur, saboda haka ba za mu ja zance ba.

Za mu fara da abin da yake damunmu, mu masu aikin agaji. Akwai wani ƙauye da muka kai wa taimako sau uku cikin shekaru kaɗan. Kowane zuwa kaya iri ɗaya ne: masara, tabarmi, gidan sauro, bokiti. Dalilin ma ɗaya ne. Akwai kwalbati a ƙarƙashin hanyar da ta bi ta gefen ƙauyen, ƙarami ne tun asali, ga shi yashi da ledoji sun cike shi. In aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya rasa hanya, ya koma baya, ya shiga gidaje, katangu su jiƙe su zube, rumbuna su faɗi. A zuwa na uku wata tsohuwa ta karɓi buhunta ta yi godiya, sannan ta tambaye mu ko baɗi ma za mu dawo. Ba gatse take yi ba. Ta riga ta ɗauka haka rayuwa take. Muka koma gida da kunya, domin kuɗin da aka kashe a zuwa ukun nan da ya yi nisa wajen gyara kwalbatin. Kuma kwalbatin nan yana da mai shi. Gyaransa aikin ƙaramar hukuma ne, mu kuwa ba mu taɓa taka ƙafa sakatariya a kan maganarsa ba.

Ku manoma ne, ba sai mun gaya muku cewa ruwa ya canja hali ba. A yi shuka, ya ɗauke na kwana da kwanaki, tsiro ya ƙone, a sāke sayen iri. Sa'an nan a watan Agusta ko Satumba ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Masana sun ce hayaƙin man fetur, kwal da gas, yawancinsa daga ƙasashe masu manyan masana'antu, shi ya ɗumama duniya. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ruwa da yawa, in ta tashi saukewa sai ta sauke shi a lokaci ɗaya. Mun ga ambaliyar 2012. Mun ga ta 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 aka wayi gari da ta Mokwa. Ba mu muka fi cika sama da hayaƙi ba, amma a ɗakunanmu ruwan yake kwana.

A shekarar 2021 Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi, aka kafa majalisa ta ƙasa domin wannan aiki. Madalla. Amma Abuja ba ta san kwalbatin ƙauyenku ba. Gwamnatin da ta san shi, ko ya kamata ta san shi, ita ce wadda take kusa da ku. Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774. Tsarin mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukansu, kuma a ciki akwai ginawa da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara, kula da kasuwanni, da sa hannu a bunƙasa noma da kiwon lafiya. Ku duba da kyau, waɗannan su ne wuraren da sauyin yanayi yake fara cizo. In kun je neman a yashe magudana, ba alfarma kuka je roƙo ba.

Za ku ce, ai kullum amsarsu ita ce babu kuɗi. Akwai gaskiya a ciki. Shekaru da yawa kason ƙananan hukumomi, kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da yake isowa kuma sau da yawa albashi kawai yake biya. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Bayan hukuncin an daɗe ana jan ƙafa wajen aiwatarwa. Duk da haka ya ba mu bakin tambaya: nawa ya shigo, me aka sa a kasafin bana domin magudanai, rijiyoyi da itatuwa? Akwai kuma asusun kula da muhalli, wanda ƙananan hukumomi suke da kaso a ciki. Domin zaizayar ƙasa da ambaliya da fari aka yi shi.

Ba kowane shiri ne ma yake cin kuɗi ba, kuma a nan muke so mu tsaya kaɗan. Kowace shekara, tun kafin damina, hukumar NiMet tana fitar da hasashen lokacin da ruwa zai fara, lokacin da zai ɗauke, da inda ake tsoron fari a tsakiyar damina. Hukumar NIHSA kuma tana fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Labarin yana nan, a rubuce. Tambayar ita ce, wa zai ɗauko shi daga ofis ya kawo wa manomi da harshen da yake ji, kafin ya sayi iri? Wanda ya ji cewa daminar bana gajeriya ce zai nemi iri mai saurin nuna. Wanda ya ji cewa kogi zai cika zai kwashe hatsinsa zuwa tudu. Wannan aikin malamin gona ne da sashen noma na ƙaramar hukuma. A tsarin agajin gaggawa na ƙasa, NEMA tana sama, SEMA tana jiha, a ƙaramar hukuma kuma ya kamata a sami kwamitin gaggawa. Ku tambaya ko akwai shi a taku, su wane ne a ciki, yaushe suka zauna, kuma wace makaranta ko wane fili a kan tudu aka tanada in ruwa ya kori mutane da dare. Mu kuwa muna da abin da sakatariya ba ta da shi: kowace Lahadi mutane suna zaune a gabanmu. Minti biyar a lokacin sanarwa ya isa a karanta hasashen.

Kun san labarin Yusufu a Farawa sura 41. Allah ne ya ba da gargaɗin, amma sai da aka naɗa shugabanni, aka tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, aka adana hatsi a birane, kafin yunwa ta iso. Addu'a da shiri ba kishiyoyi ba ne.

Yanzu bari mu taɓa kanmu. In lokacin zaɓe ya zo, ɗan takarar kansila ko ciyaman ya shigo majami'a, me muke roƙa? Kwanon rufi, siminti, kayan kiɗan mawaƙa. Ya ba mu, mu tafa, shi ke nan ya biya bashinsa na shekaru. Da wane baki za mu koma mu tambaye shi kasafin kuɗi? Mu ne kuma muke zubar da shara a magudana, mu gina ɗaki a kan hanyar ruwa domin filin ya fi araha, mu sare itatuwan bakin rafi mu ƙona gawayi. Ba muna zargin mai gawayi ba ne, mun san kuɗin makarantar yara ne ya kai shi. Amma sai an zauna da dagaci da masu unguwanni an yarda a kan inda ba a sara, ƙaramar hukuma kuma ta mai da yarjejeniyar doka, domin tana da ikon yin dokokin cikin gida.

Maƙwabtanmu na Maradi a Jamhuriyar Nijar sun nuna abin da zai yiwu. Tun wajen 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoma a kan barin kututture ya toho a gona, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a sassabe sauran. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban ruwa ba. Abin ya bazu ne sa'ad da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. An kiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta sāke samun itatuwa ta wannan hanya, gawo yana cikin waɗanda suka fi yawa, kuma kun san yadda gero yake kyau a ƙarƙashinsa.

Ga abin da muke roƙonku. Kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum huɗu ko biyar, a ciki lalle a sami mata, domin su suka san rijiyar da take ƙafewa tun watan Fabrairu. Su zaga gari su rubuta inda ruwa yake shiga, inda ƙasa take zaizayewa, kwalbatin da ya toshe, burtalin da gona ta cinye. Kada ku tafi ku kaɗai. Ku nemi liman da mutanensa, ku nemi arɗo, gama ambaliya ba ta tambayar inda mutum yake sujada, kuma takardar da hannun kowa yake a kai tana da wuyar jefarwa. Ku zaɓi abu biyu kawai da suka fi gaggawa. Ku kai wa kansilan mazaɓarku, ku kai kwafi sakatariya, a buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin. Ku je da ladabi, ban da zagi, kuma ku riƙa komawa. Yashe magudana ba ya jiran kasafi, ana iya yinsa kafin ruwan fari in hukuma ta ba da mota, matasa suka kawo shebur. Abin da yake bukatar gini kuwa, ku kai shi tun ana tsara kasafin shekara mai zuwa, kada ku bari sai an gama.

Wanda yake bukatar taimako wajen rubuta takardar, ya same mu a bakin ƙofa bayan addu'ar rufewa. Mun zo da takardu da biro.