Kukan Kyanwa da Dare: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

 Na san wani zai ce a ransa, ga rikicin iyakar gona, ga sulhun manoma da makiyaya, me ya kawo zancen kyanwa gaban Hakimi? Ku yi mini haƙuri, ni yaro ne a gabanku. Amma a ƙasa irin ta Bacirawa, inda gida ke jikin gida, gona kuma ta zo har gindin danga, kyanwar mutum ɗaya ta kan hana gida biyar barci. Ta yi tsere a kan rufin kwano, ta ture ƙwaryar nono, gari ya waye an rasa ɗan tsako. Daga nan sai cacar baki tsakanin mata, sai maza su shiga, sai wani ya zuba guba. Maganar da ta fara a kan danga ta kan ƙare a zauren Dagaci.

Bari mu fara da halittarta, gama wanda bai san dalilin abu ba, ba ya iya maganinsa. Kyanwa ta kan yi barci awa 12 zuwa 16 a yini, yawancinsa da rana. Ƙarfinta ya kan tashi ne da magariba da kuma gabannin asuba, watau daidai lokacin da ɓera ke fitowa. Idonta na iya gani da kashi ɗaya cikin shida na hasken da mutum ke bukata. A can bayan idon akwai wani shimfiɗi kamar madubi mai mai da haske, shi ne ke ƙyalli idan an haska ta da tocila. Kunnenta kuma na jin siririn kukan ɓera wanda namu ba ya kamawa. Saboda haka idan ta zabura cikin duhu tana bin abin da ba ku gani ba, akwai abin, ku ne ba ku ji shi ba.

Kukan nan kuwa mai kama da na jariri, wanda ke sa gaban mutum faɗuwa da tsakar dare, kukan barbara ne. Macen ce ke kira, muzurai su taru su yi ta faɗa a kanta. Ta kan yi kamar mako guda tana kiran, idan ba ta ɗauki ciki ba ta sake bayan mako biyu ko uku. Cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Na tsaya a kan wannan da gangan. Har wa yau akwai masu cewa baƙar kyanwa mai kuka a kan katanga maye ne ya rikiɗa, su kan kuwa nuna wata tsohuwa da yatsa. Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin abin da zargin maita ke yi wa zumunci. Idan irin wannan magana ta iso gare ku, ina roƙo a kashe ta tun tana ƙarama, a gaya wa jama'a dalilin kukan a fili.

To, don me ba za a raba gari da kyanwoyi a huta ba? Don rumbu. Asalin kyanwar gida muzurun daji ne, ya matso kusa da mutane tun sa'ad da su ka fara tara hatsi a ƙasashen Gabas ta Tsakiya, shekara wajen dubu goma da su ka wuce. Aikin da ya kawo ta shi ta ke yi har gobe. Idan an yanke gero, an girbe dawa, gonaki sun zama fili, ɓerayen gona su kan ƙaura zuwa cikin gida. Ɓarnarsu ba ta tsaya ga hatsi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda a ka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno cikin 1969, wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci, ya fi kuwa tsanani da rani. Ba na cewa kyanwa kaɗai ta isa. Babbar gafiya ta kan fi ƙarfinta, kuma tilas a toshe ramuka, a rufe abinci, a share gindin rumbu. Amma gidan da ke da kyanwa ɓera ba ya sakewa a cikinsa.

Yanzu ga abin da maigida zai yi. Mutane da yawa su kan bar kyanwa da yunwa, wai don ta fi kama ɓera. Wannan kuskure ne. Kyanwa na farauta ko da cikinta a cike ya ke, halinta ne. Abin da yunwa ke koya mata shi ne buɗe tukunya da shiga akurki. A ba ta abinci mai ƙoshi sau ɗaya bayan lisha, kowane dare a wuri guda, a zaure ko kusa da rumbu. Tuwo kaɗai ba ya riƙe ta, gama ita mai cin nama ce. Kan busasshen kifi, ko hanjin kaza, ko ɗan tarkace daga wurin mahauta ya wadatar. Nono kuwa, ko da ya ke tana sonsa, ya kan sa wa manyansu da yawa zawo. Kafin magariba a bar yara su ɗaura gashin kaza a zare su ja mata, ta bi har ta gaji. Wadda ta yi wasa, ta ci ta ƙoshi, ta kan kwanta farkon dare.

Sa'an nan a rufe mata ɗakin kwana tun daga ranar farko, kada a buɗe don ta yi kuka. Nan ne mata ke kāsawa saboda tausayi. Idan ta yi kuka da asuba a ka tashi a ka ba ta abinci, to, an koya mata cewa kuka na biya, gobe sai ta fara tun ƙarfe uku. A daure kwanaki kaɗan, za ta bari. Duka ba ya hana ta, tuban muzuru za ta yi. Nono da man shanu a ɗora su a ragaya, akurki a toshe bakinsa da dutse. Ba kowane tsako da ya ɓace kyanwar maƙwabci ta ci ba. Akwai tunku, akwai gafiya, akwai muzurun da ba shi da ubangiji.

Maganin kukan barbara da faɗan muzurai shi ne fiɗiya. Muzurun da a ka fiɗiye ya kan rage yawo da faɗa da fitsarin nan mai wari, bai kuwa daina kama ɓera ba. Mace ma a kan yi mata aiki ta daina haihuwa. Wannan aikin likitan dabbobi ne a asibitinsu, ba na aska a bayan gida ba. Kada kuma a ba kyanwa Panadol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Abu biyu na ke roƙon Hakimai su hana da bakinsu. Na fari, zuba shinkafar ɓera a cikin abinci don kyanwar wani. Guba ba ta san wanda a ka nufa ba: kaza ta kan tsattsaga, akuya ta lasa, yaro mai rarrafe ya kai baki. Na biyu, kulle kyanwa a ɗaki ko a buhu ba ci ba sha. Malamanmu sun karanta a Buhari da Muslim labarin matar da a ka yi wa azaba saboda haka, ba sai na ƙara ba.

Akwai kuka ɗaya da ba a yi wa haƙuri. Kyanwar da a ka sani da lafiya, irin ta Lami, idan ta sāke hali farat ɗaya, tana dalalar da miyau, tana kai cizo ba dalili, ko ƙafafunta na baya sun mutu, a yi zaton ciwon haukan kare, gama ya kan kama kyanwa ma. Kada a taɓa ta da hannu. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin idan alamun ciwon su ka bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai ya tashi. Akwai allurar rigakafi da a ke yi wa kyanwa tun tana wata uku, malamin dabbobi zai faɗi lokacin sakewa.

Ku kuma malamai, idan ƙara irin wannan ta zo, ku rubuta rana da unguwa, da abin da a ka rasa, da ko akwai wanda ya gani da idonsa. Idan cizo ne, ku rubuta sunan mai kyanwar, a tsare ta kwana 10 ana ba ta abinci da ruwa ana dubawa, takarda kuma ta tafi wurin malamin dabbobi da malamin asibiti kafin rana ta faɗi.