Karatun 'Ya'yanmu Bayan an Sauke Kaya a Sabon Gida

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da dattawan ikilisiyoyi na yankin Gwarzo da Kabo

Ni malamin firamare ne da ya yi ritaya, saboda haka abin da na gani a aji shi zan faɗa.

Dukanmu mun san cewa a 'yan shekarun nan mun karɓi baƙi. Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, kuma rashin tsaro ya tayar da iyalai da yawa daga ƙauyukansu. Waɗansu kuma canjin wurin aiki ko neman gona ya kawo su. Idan iyali ya sauka, abin da muke tambaya shi ne ɗakin kwana, da hatsi, da ruwa. Wannan daidai ne. Amma jakar makarantar yaro ita ce kayan da ake kwancewa daga ƙarshe, wani lokaci ma ba a kwance ta sam.

Na san wata yarinya da iyayenta suka taso tana aji biyar. Uban ya ce a bari sai bayan kaka, idan an sami kuɗin kayan makaranta. Kaka ta wuce, aka ce sai sabon zango. Da aka kawo mini ita bayan shekara guda, shafin da take karantawa a dā ba tare da tsayawa ba ya zama sai ta bi shi baƙi baƙi. Ba daƙiƙiya ba ce. Karatu ne kamar fartanya, in an jingine shi sai ya yi tsatsa.

Mun riga mun ɗanɗana wannan gaba ɗayanmu. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda cutar korona, yawancin yara suka zauna a gida fiye da wata shida, ana ba da darussa ta rediyo. A watan Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, sa'an nan a Fabrairun 2021 gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana guda 10. Sa'ad da yara suka dawo aji, ba sai an gaya wa malami gidan da aka ci gaba da buɗe littafi ba. Saboda haka ina roƙo mu riƙe abubuwa huɗu.

Na farko, wuri. Wani zai ce, "Malam, mu takwas ne a ɗaki ɗaya, ina wurin karatu?" Ba ɗaki nake nufi ba. Tabarma guda ta isa, a zaure ko ƙarƙashin rumfa, muddin ita ce kullum, kuma nesa da murhu da turken awaki. A nemi akwatin ƙarfe ko bokiti mai murfi domin littattafai, gama gara da ɓera da yoyon damina ba su san tsadar littafi ba. A shafa baƙin fenti a jikin katako ko bango ya zama allo. Yaro da aka raba da gidansu da abokansa yana samun natsuwa idan ya ga akwai wuri ɗaya da yake nasa.

Na biyu, lokaci da haske. Sa'a ɗaya kowace rana ta fi yini guda a mako. Ƙanana su yi nasu da la'asar tun da sauran rana, manya su karɓi fitilar sola da dare. A shanya fitilar tun da safe, a kuma ba yaro ɗaya alhakinta. Iyayenmu mata, ina roƙonku musamman: kada lokacin karatu ya zama lokacin da 'ya mace take wanke-wanke, ɗan'uwanta yana kan tabarma. Uwar da ba ta yi makaranta ba ma tana da aiki a nan. Ta zauna kusa ta ce, "Karanta mini in ji." Kunnenta zai gane inda yaro yake tuntuɓe.

Na uku, waya. A yawancin gidajenmu waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuwa yana kasuwa ko gona. Idan ba a kafa mata doka ba, sai ta zama abin faɗa, babba ya danne ƙarami. Maigida ya sanar da sa'ar da waya take zama ta karatu, a rubuta kwanakin kowane yaro a jikin allo, a kuma yi amfani da ita a fili, inda babba yake gani. Ranar da aka shiga gari inda sabis yake da ƙarfi, a sauke darussa a ajiye a memori domin kada data ta ƙare a banza. Akwai manhajar Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya ta buɗe tare da UNICEF a 2022, darussanta kyauta ne. Matasanmu su nuna wa iyaye yadda ake shiga.

Masu 'ya'ya a babbar sakandare, ku saurara da kyau. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta. Tun 2021 kuma sai da lambar NIN ake rajista, ana tura ta ta saƙo daga layin waya, kuma layi ɗaya ba ya yi wa ɗalibai biyu. Ana iya raba waya, amma layin rajista na yaro ɗaya ne. A adana shi, kada ya ɓace cikin kayan ƙaura. Ikilisiyar da take da kwamfuta a ofis, ta ba waɗannan yara rana ɗaya a mako su saba da madannai.

Na huɗu, karatun gida gada ne, ba masauki ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro shekara 9 na karatu kyauta, kuma dole. Cikin makon farko a je wurin hedimasta da takardar sakamako ta ƙarshe da takardar haihuwa. In an baro su a gudu, a je duk da haka a yi bayani, ko a nemi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Baƙo yakan ji nauyin shiga ofis shi kaɗai, don haka dattijo ɗan gari ya raka shi.

Dattawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Majami'unmu a rufe suke daga Litinin zuwa Jumma'a, da bencina a ciki. Ina ba da shawara kowace ikilisiya ta naɗa mutum ɗaya da zai rubuta sunan kowane yaron da ya sauka a cikinmu, da ajin da ya baro, ya kuma kawo wa majalisar dattawa rahoto bayan mako biyu ko yaron ya shiga aji.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon 'ya'yan nan.