Magani Ma Awo Gare Shi: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalai Kafin Rabon Damina

Duk mai cin kasuwar Jibiya ko ta Maraɗi ya san ba a sayen gero da ka, sai an sa tiya. Magani ma awo gare shi: ana ɗora amfaninsa a gefe guda, illarsa a ɗaya gefen, a ga wanda ya rinjaya. Zan yi misali da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara gida-gida da damina, domin shi ne zai ƙwanƙwasa ƙofarku kwanan nan.

Idan yaro ɗaya ya sha magani bai kwanta ba, wannan bai isa shaida ba, ƙila dama ba zai kwanta ba. Saboda haka masu bincike a ƙasashe irin su Mali, Burkina Faso da Senegal suka raba yara masu yawa gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta. Bayan damina aka ƙirga waɗanda suka yi zazzaɓi a kowane gida. An samu raguwar kusan kashi 75 cikin 100, wato cikin kowace kwanciya huɗu an kauce wa uku. A kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a yankin Sahel a 2012, ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59.

An ƙirga illa ita ma. Wasu yara sukan yi amai, ciwon ciki ko ƙaiƙayi, galibi su wuce cikin ɗan lokaci. Akwai kuma mai tsanani wadda ba kasafai ake ganinta ba, inda fata ke ɗurar ruwa tana saɓulewa, baki da ido su yi gyambo. Da aka haɗa lissafi, zazzaɓin da ke kashe ƙananan yara da damina ya fi waɗannan nauyi nesa ba kusa ba.

Amma awon yana canzawa da yadda aka sha. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan biyu, amodiyakwin, a shekarun 1980 an riƙa ba matafiya ita kowane mako. Sai aka ga tana lalata hanta da jinin wasunsu, aka daina bayar da ita ta wannan hanya. Ƙwayar ba ta canza ba, yawan sha ne ya karkata sikelin.

A nan ne abin ya shafe mu, mu da muke kwana a wannan ƙasa mu yini a waccan. Ana ba da maganin sau ɗaya a wata: ranar farko ƙwaya biyu a gaban ma'aikaci, kwana biyu na gaba uwa ta ba da ɗaya-ɗaya a gida. Yaron da ya sha a Ɗan Isa kada a sake ba shi a Jibiya sai kwana 28 sun cika. Ku riƙa tafiya da katinsa, ku nuna a kowane gefen iyaka. Kada a ba yaron da ke cikin zazzaɓi, a kai shi a gwada jininsa. Kada a ba wanda ke shan Septrin, ko wanda irin wannan magani ya taɓa fesa masa ƙuraje. Idan ya yi amai cikin rabin sa'a, ku gaya wa ma'aikaci a sake ba shi.

Awon nan bai ƙare ba. Illar da ke samun yaro ɗaya cikin dubbai ba ta bayyana sai magani ya bazu cikin jama'a, kuma ku ne masu fara ganinta. Duk abin da kuka lura da shi bayan an sha, ku kai yaron asibiti da katinsa, ku ce a rubuta. Irin waɗannan rahotanni ne hukumomin magunguna, kamar NAFDAC a Nijeriya, suke tarawa su sake duba lissafi. Labarin da ya tsaya a rumfa ko bakin rijiya ba ya isa gare su.

Mai tambaya ya matso kusa.