HAKKIN MAZAN JIYA: JAWABIN DA AKA YI WA JAMA'AR BIRNI



Maganarmu ta yau a kan fanshon tsofaffin soja take, watau mutanen da Faransa ta ɗiba daga ƙasar Damagaram da sauran ƙasashe ta kai su yaƙin 1914, da na 1939, da na Indocin da Aljeriya. Ku kasa kunne, gama rashin sani ya fi dare duhu.

Kuɗin nan iri huɗu ne. Na fari, fanshon aiki. Sojan da ya yi shekara 15 yana da shi, ana lissafinsa bisa ga galonsa da yawan shekarunsa. Na biyu, kuɗin rauni. Likitocin soja su duba mutum su ce ya nakasa kashi kaza cikin 100, in raunin yaƙi ne daga kashi 10 ake fara biya. Na uku, kuɗin mai katin yaƙi, wanda ya yi kwana 90 cikin rundunar da ke fagen fama. Ana ba shi in ya kai shekara 65, amma ba a gadonsa. Na huɗu, rabon matar mamaci, ita ce ke karɓar rabin fanshon aikin mijinta.

To, ga asirin lissafin. Kowane mutum yana da maki, kowane maki yana da farashi. A ninka wannan da wancan, shi ne kuɗinka. In tsada ta hau, gwamnati ta ɗaga farashin maki.

Nan aka yi mana sakiyar da ba ruwa. Ran 26 ga Disamba 1959, ana gab da ba mu mulkin kai, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da farashin makin 'yan Afirka. Na Bafaranshe yana hawa kowace shekara, na Badamagare yana tsaye, alhali rami ɗaya suka kwana, harsashi kuwa bai tambayi launin kowa ba.

Sai a 2001 babbar kotun Faransa, cikin shari'ar Amadou Diop, tsohon sajan na Senegal, ta ce wannan bambanci ne. A 2002 aka ƙara kaɗan bisa ga tsadar kowace ƙasa. A 2007 aka daidaita kuɗin rauni da na katin yaƙi. A 2010 kotun tsarin mulki ta rushe sauran, aka daidaita duka daga 1 ga Janairu 2011. Shekara 50 ke nan! Galibin masu hakkin suna kushewa.

Don haka, 'yan'uwa, gidan da ke da tsohon soja ko matarsa, a adana littafin soja, da takardar aure, da ta rasuwa. Kada gara ta ci su. Ku samari masu karatu, ku karanta wa iyayenku, ku raka su ofishin mazan jiya. Hakki ne da aka saya da jini, mai nemansa ba maroƙi ba ne.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.