In Damina Ta Tsare Ka a Bakin Tafki

Jawabin da aka gabatar a filin matafiya, daga ɗakin watsa shirye-shiryenmu na Tamale

  

Yau maganata a kan tafiyar damina ce, musamman ga wanda ya rataya 'yar jakarsa a baya ya nufi bakin Tafkin Bolta da niyyar hayewa. Abu ɗaya nake so ku riƙe: da damina ruwa ne ke yanke ranar hayewa, kai naka shiri da jira. Wanda ya yarda da haka tun daga gida, ya yi guzurin kwana uku a inda ya yi niyyar yin awa uku, shi ke komawa ga iyalinsa lafiya.

Bari in ba ku abin da ya same ni. Bara waccan, cikin watan Satumba, wani ɗan'uwa ya aike ni Yeji in kai kuɗin busasshen kifi. Na hau mota daga Tamale zuwa Salaga, tafiyar kusan kilomita 120, daga nan na kama ta Makango, ƙauyen da hanya ta ƙare a bakin ruwa. Yeji na can tsallake, kana hango ta in gari ya washe. Ko da na isa, la'asar ta kawo jiki, babban jirgin fito mai ɗaukar motoci ya riga ya tashi. Saura kwale-kwale masu inji. Wani mai kwale-kwale na ta kira, saura mutum biyu, saura mutum biyu. Na leƙa ciki: doya, buhunan gawayi, babura biyu, tumaki, ga mutane a kan kaya. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba.

Na sa ƙafa ɗaya ke nan sai wata dattijuwa mai sayar da kifi ta riƙe igiyar jakata, ta ce, “Ɗana, ka dubi gabas kuwa?” Na ɗaga kai, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Na ce, “Inna, ai kafin ya iso mun haye.” Ta ce, “Haka kowa ke cewa. Zauna ka ci kifi.” Wallahi don kunyarta kawai na janye ƙafata, raina a ɓace.

Ba su yi nisa ba iska ta taso. Muna tsaye a rumfa muna kallo har ruwan sama ya rufe su. Sai bayan isha'i suka dawo bakin gaɓa, can ƙasa da inda suka tashi, inji ya mutu, da faifai da kwano suke kwashe ruwa. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma doya da gawayi da babur ɗaya duk an tura su ruwa don jirgi ya yi sauƙi. Na ga magidanci zaune a laka yana kuka, jarinsa na shekara ya tafi a awa guda. Mai jirgin kuwa ko a jikinsa, ya riga ya karɓi kuɗinsa.

To, me ya sa wannan ruwa ya bambanta da kogin da muka saba? Tafkin Bolta hannu ne ya yi shi. An gama datse kogi a Akosombo a 1965, ruwa ya taru ya mamaye ƙasa kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tayar da mutane kimanin 80,000 daga garuruwansu. Tsohon garin Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, yana cikin wuraren da ruwa ya ci. Kakanninmu fataken goro da ke zuwa Gwanja kogi suka sani a wannan mashigi, yau faɗin ruwan ya kai kilomitoci. Babban abin kuma, daji ne aka nutsar da itatuwansa a tsaye. Har gobe kututturan suna nan. Da rani kana ganin kawunansu, direba ya kauce. Da damina ruwa ya ƙaru ya rufe su, ga igiyar ruwa na ɗaga jirgi tana bugawa, in ya faɗa kan kututture katako ya tsage nan take.

Na biyu, hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma ya fi yawa da yamma zuwa dare. A kan tudu iska na samun itace da gida su rage mata ƙarfi, a kan tafki babu abin da zai tare ta. Shi ya sa masu wurin ke son hayewar sassafe.

Na uku, ruwan da ke cika tafkin ba na samanmu kaɗai ba ne. 'Yan'uwa na Burkina sun san madatsar Bagre. Kusan kowace shekara, wajen Agusta zuwa Satumba, in ta cika sai a buɗe ta, ruwan ya biyo Farin Bolta ta Pwalugu da Nawuni da Daboya da Yapei ya zuba a tafki. Baƙin Bolta kuma ya biyo ta Buipe. Kana iya kwana a garin da ko ɗigo ba a yi ba, ka wayi gari ruwa a bakin ƙofa. Mun ga yadda ta kasance a 2023, lokacin da tafkin ya cika har aka buɗe Akosombo, mutanen Buipe da dama suka bar gidajensu. Don haka in kun ji sanarwar hukumar NADMO a rediyo cewa za a buɗe Bagre, ku ɗauke ta da gaske.

Kwana uku na yi a Makango. Ba ni kaɗai ba, har da wasu Turawa biyu masu yawon buɗe ido, kowanne da ƙatuwar jaka a baya, sun fito daga gandun dajin Mole. Na lura da su: komai nasu a cikin leda yake, daga fasfo har safa, ga gidan sauro, ga fitila. Ni ɗan ƙasa kuwa takarduna sun jiƙe, wayata ta mutu, kuɗin mutane na ɗaure a ƙugu suna ɗiga. Ranar na ji kunya, na kuma koyi darasi.

Ga abin da ba na tafiyar damina ba tare da shi yanzu. Leda mai kauri biyu, ɗaya ta takardu da waya, ɗaya ta tufafin canji. Katin shaidarka, ko na Ghana ko na ƙasarka, da takardun dabbobi da na kaya, ka ɗauki hotonsu a waya tun a gida. Kuɗi ka raba biyu, mafi yawa a waya, kaɗan a aljihu, don in wuta ta ɗauke mai cire kuɗi ma rufewa yake. Gidan sauro, domin sauron bakin tafki ba ya jin mayafi, zazzaɓin cizon sauro kuma damina ce lokacinsa. Tocila, takalmin roba, garin rogo da sukari da ƙuli-ƙuli. Ruwan sha kuwa ka sayi na leda ko ka tafasa. Kada ka yi wanka ko alwala a gefen tafki inda ciyawa ta kwanta, nan ake kamuwa da tsargiya, ciwon fitsarin jini.

Batun masauki, kada ka kwana a tasha kana gadin jaka. Tambayi masallaci, tambayi gidan Sarkin Zango. Al'adar mai masauki tun zamanin kasuwar Salaga take, ba ta mutu ba. Ni a zauren wani limami na kwana. Ka gaishe su, ka faɗi daga inda kake da inda za ka, in za ka tafi ka ajiye ɗan abin goro. Su ne kuma za su gaya maka jirgin wane ne mai kyau, wane ne ke cika lodi. Baƙo ko da ido makaho ne.

Ku kuma makiyaya, naku ya fi nauyi. Ciyawar bakin ruwa kore shar tana jan hankali, amma nan ciwon hanta yake, nan ƙofato ke ruɓewa a laka, kurmin gefen kogi kuma gidan tsando ne mai kawo sammore. Ku kafa ruga a tudu, ku san ta inda za ku fita in ruwa ya zo da dare, kada ku kwana a tsibirin da rani ya bari. In ruwa ya kore ku zuwa tudu, ku tuna can ma gonakin mutane ne da amfani a tsaye. Ku je wurin sarkin gari ku nemi hanya kafin garke ya motsa, rigimar da yawa daga nan take farawa. Kuma kada ku shiga ƙaramin jirgi ɗaya da shanu. In sa ya firgita ya koma gefe guda, jirgi ya tafi.

In ka zo hayewa, dubi abu uku: gabas, da bakin jirgi, da rigar ceto. In hadari ya haɗu, ko lodi ya danne jirgi, ko babu rigar da za ka sa, ka janye ƙafarka ko da ka biya. In kuma tafiyar ba ta jira, akwai hanyar ƙasa: daga Tamale ka bi gadar Yapei da ta Buipe zuwa Kintampo da Techiman. Ta fi tsawo ga mai zuwa Yeji, ta fi cin kuɗi, amma sauri ya haifi nawa. Lambar neman agaji a Ghana 112 ce, ku haddace ta.

Ni dai a rana ta huɗu da sassafe na haye a babban jirgi, ruwa kwance kamar tabarma. Na kai kuɗin mutane, mai kifi ya yi ƙorafin jinkiri, na ba shi haƙuri. A dawowa na nemi innar nan na kai mata goro.

Nan za mu dakata sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wanda ke da labarin mashigi ko hanyar da ruwa ya yanke, ya aiko mana mu sanar da 'yan'uwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.